Ɗalibai marasa takardu a yankin Gidan Sori: abin da doka ta tanada da abin da ake nema

A ƙaramar hukumar Gidan Sori da ke gundumar Gidan Rumji a jihar Maraɗi, da sauran garuruwan kudancin jihar har zuwa Agye da Gazawa, akwai yaran da ke zuwa makaranta kowace safiya alhali babu wata takardar hukuma mai ɗauke da sunansu. Wasu ƴaƴan ƴan gudun hijira ne da suka tsallako daga Najeriya, wasu ƴaƴan ƴan ƙasa ne da aka haifa a can, wasu kuma a nan aka haife su amma ba a kai sunansu wurin rajista ba. Ba kasafai ake hana irin waɗannan yara zama a aji ba. Matsalar tana bayyana ne ranar da daraktan makaranta ya fara haɗa takardun masu shiga jarrabawa, ya nemi takardar haihuwa, aka rasa. Fafutukar da hukumomin agaji da malamai da masu kare haƙƙin yara ke yi a yankin ta ta'allaƙa ne a kan wannan giɓi: yaron da aka karɓa a aji ya samu matsayin da doka ta sani, don kada karatunsa ya tsaya a ajin CM2.

Yankin da iyakarsa

Gundumar Gidan Rumji tana da ƙananan hukumomi biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Saye Sabuwa da Gidan Sori. Ƙasar Gobir ce, kuma tana fuskantar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, wadda ita ma Gobir ce. Gobirawa sun kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya wani reshe na gidan sarautar ya kafa Sabon Birni. Iyakar da ta raba su ta fito ne daga yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka bi ƙasa aka shata ta. A gabashin jihar, gundumar Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011, tana kallon ƙasar Katsina.

Wannan tarihi yana da nasaba kai tsaye da batun takardu. Auratayya da kasuwa da noma da karatun allo ba su taɓa tsayawa a bakin iyaka ba. Mace ta kan je goyon ciki gidan iyayenta a wancan gefe, ta haihu a can, ta dawo bayan arba'in. A idon dangi babu abin da ya faru face haihuwa. A idon doka kuwa an haifi yaro a wata ƙasa, kuma wata hukuma ce dabam ke da hurumin rubuta haihuwarsa.

Daga watan Afrilu na 2019 lamarin ya ɗauki wani salo. Hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi. Hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙiyasta su kusan 20,000 a watan Mayu na 2019, sannan sama da 40,000 a watan Satumba. A watan Afrilu na 2020 kaɗai wasu kimanin 23,000 suka sake shigowa. Akasarinsu mata ne da yara. Garuruwan bakin iyaka na gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa ne suka fara saukar da su, sau da yawa a gidajen ƴan uwa. Maimakon kafa sansani, hukumomi da HCR sun zaɓi mayar da wasu daga cikinsu garuruwa uku da ke nesa da iyaka: Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori, inda baƙi da ƴan gari ke amfani da makaranta ɗaya da asibiti ɗaya da famfo ɗaya. Da yawa kuma sun ci gaba da zama a garuruwan da suka fara sauka.

Su wane ne yaran

Kalmar «marasa takardu» tana haɗa yaran da matsayinsu a gaban doka ya bambanta ƙwarai. Ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko su ne ƴaƴan ƴan gudun hijirar da aka yi wa rajista. Sunansu yana cikin takardar shaidar iyali da hukuma ta bayar, zamansu a Nijar halal ne, amma da yawansu ba su taɓa mallakar takardar haihuwa a Najeriya ba, ko kuma ta ƙone ko ta ɓace ranar gudu.

Na biyu su ne ƴaƴan waɗanda suka tsallako amma ba su je rajista ba, ko don nisa, ko don tsoro, ko don suna ganin bayan damina za su koma. Waɗannan ba su da takardar gudun hijira, ba su da ta haihuwa.

Na uku su ne ƴaƴan ƴan Nijar da suka daɗe da zama a Najeriya, rikici ya dawo da su gida. Iyayen ƴan ƙasa ne, don haka ba a kiran su ƴan gudun hijira, amma yaran a waje aka haife su, kuma sau da yawa iyayen kansu ba su da abin da zai tabbatar da asalinsu. A wannan rukuni ake iya saka almajiran da suka tashi tsakanin ƙasashen biyu, da yaran da aka maido daga Aljeriya tare da iyayensu mata.

Na huɗu, kuma su ne mafi yawa, yaran gari ne da aka haifa a gida ba a kai sanarwa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya nuna cewa kashi 32 cikin ɗari na yaran da ba su kai shekara biyar ba ne ke da rajistar haihuwa a Nijar a 2006, adadin ya hau zuwa kashi 64 a 2012. A Najeriya irin wannan bincike na 2018 ya ba da kashi 43. Ke nan baƙon yaro da ɗan gari sukan tsinci kansu a layi ɗaya a gaban alƙali, abin da ya sa masu fafutuka ke gabatar da batun a matsayin damuwar kowa.

Takardu uku da ake yawan cakuɗawa

Takardar haihuwa tana faɗin sunan yaro, da ranar da aka haife shi, da wurin, da sunayen iyayensa. Ba ta mayar da kowa ɗan ƙasa. Yaron da iyayensa ƴan Najeriya suka haifa a Garin Kaka yana da haƙƙin samun takardar haihuwa ta Nijar, kuma yana nan ɗan Najeriya, domin tsarin mulkin ƙasar na 1999 ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan asalin iyaye.

Takardar shaidar gudun hijira tana ba mutum izinin zama da kariya daga mayar da shi inda ya gudo. Ba ta tabbatar da haihuwa kamar yadda rajistar ma'aikatar magajin gari ke yi.

Takardar shaidar zama ɗan ƙasa kotu ce ke bayar da ita, kuma takardar haihuwar mai nema da ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa ne ginshiƙinta. Ita ake tambaya a gasar shiga aikin gwamnati da neman tallafin karatu na ƙasa da fasfo.

Takardar farko ita ce tushen sauran. Wanda ya rasa ta tun yana yaro, kowace ƙofa ta gaba sai ta tambaye shi ita.

Abin da dokokin Nijar suka ce

Rajistar haihuwa tana ƙarƙashin doka mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yuli 2019, wadda ta maye gurbin doka mai lamba 2007-30 ta 3 ga Disamba 2007. Sanar da haihuwa wajibi ne kuma kyauta ne, kuma ya shafi duk wanda aka haifa a ƙasar, ɗan ƙasa ko baƙo. Ana yin sa a cibiyoyin sanarwa da ke asibitoci da garuruwa, daga nan a kai bayanin ma'aikatar magajin gari, ita ce ke rubuta takardar. Wa'adin kwana 60 ne. Idan ya wuce, jami'in rajista ba shi da ikon rubutawa sai da hukuncin kotu, wanda ake kira «jugement déclaratif de naissance». Mai nema yana zuwa da shaidu, alƙali ya saurare su, ya yanke hukunci, sannan a shigar da shi cikin littafin rajista. Hukumar da ke kula da wannan fanni ita ce babbar ma'aikatar rajistar jama'a da ƙaura da ƴan gudun hijira, DGECM-R, a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida.

Zama ɗan ƙasa yana ƙarƙashin dokar 23 ga Agusta 1984 mai lamba 84-33. An yi mata gyara a 1999 don mace ta iya ba ɗanta ƙasarta kamar yadda namiji ke yi, an sake gyara ta a watan Nuwamba 2014 don a amince da riƙe ƙasa biyu. Dokar ta ce wanda aka haifa a Nijar, kuma ɗaya daga cikin iyayensa shi ma a Nijar aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Haka ma jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba. Waɗannan tanade-tanade suna iya warware matsalar iyalai da yawa na bakin iyaka, inda uwa ƴar Tsibiri ce uba ɗan Sabon Birni, amma sai an iya nuna inda aka haifi uwar.

Matsayin ɗan gudun hijira yana ƙarƙashin doka mai lamba 97-016 ta 20 ga Yuni 1997, wadda ta kafa kwamitin ƙasa mai tantance masu neman mafaka. A 2020 ma'aikatar cikin gida ta fitar da ƙuduri da ya amince da ƴan Najeriyar da suka gudo daga jihohin da ke fama da rashin tsaro, ciki har da Sakkwato da Zamfara da Katsina, a matsayin ƴan gudun hijira a dunƙule, ba sai an saurari kowa shi kaɗai ba. Wannan mataki ya rufe batun izinin zama ga duk wanda ya yi rajista.

A fannin ilimi, dokar LOSEN mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998 ita ce ta shimfiɗa tsarin karatu, kuma manufar da ake bi a Maraɗi ita ce shigar da yaran ƴan gudun hijira makarantun gwamnati tare da ƴan gari.

Inda hanya ke toshewa

Wuri na farko shi ne jarrabawa. Takardar haihuwa ko hukuncin kotu yana cikin abubuwan da ake nema wajen rajistar CFEPD a ƙarshen firamare, da BEPC a ƙarshen kwaleji, da BAC. An yi kimanin shekara goma ba a yin CFEPD, sai a 2024 aka dawo da ita, abin da ya sa buƙatar takardar ta sake matsowa kusa, tana riskar yaro tun yana ajin CM2.

Na biyu shi ne hurumin kotu. Alƙalin Gidan Rumji ko na Agye yana yanke hukunci ne a kan haihuwar da ta faru a yankinsa. Yaron da aka haifa a Isa ko Sabon Birni ko Jibiya, hukumar ƙidayar jama'a ta Najeriya ce ke da alhakin rajistarsa, a ƙarƙashin dokar 1992 ta rajistar haihuwa da mutuwa. Komawa garin da aka gudo don neman takarda haɗari ne, kuma ga wasu ma garin ya watse. A nan ne wasu iyaye ke faɗawa cikin jarabar cewa a wannan gefe aka haifi yaron. Takardar da aka samu ta haka tana iya buɗe ƙofar jarrabawa yau, amma bayanin ƙarya ne a gaban kotu, kuma yana iya cin karo da abin da ke rubuce a rajistar ƴan gudun hijira.

Na uku shi ne rubutun suna da shekaru. Sunan da aka rubuta Usman a Najeriya ana rubuta shi Ousmane a Nijar, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Abubakar ya zama Aboubacar. A gefe ɗaya ana bin yaro da sunan mahaifi, a ɗaya gefen wani lokaci da sunan gari ko na kaka. Ranar haihuwa kuma sau da yawa ƙiyasi ce, shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu a takardu. Idan sunan da ke littafin makaranta ya saɓa da wanda ke hukuncin kotu ko da harafi ɗaya ne, gyaran kansa sai an koma kotu.

Na huɗu shi ne harshe da daraja takardun karatu. Yaron da ya yi aji huɗu da Ingilishi a Zamfara yana shigowa tsarin da ake koyarwa da Faransanci, kuma ba shi da abin da zai nuna inda ya tsaya. Sau da yawa sai a mayar da shi baya, ya zauna da ƙannensa. Ga yarinya mai shekara goma sha uku, irin wannan jinkiri yakan zama dalilin barin makaranta da ɗaura aure. Rashin takardar da ke nuna shekarunta kuma yana raunana duk wata kariya da doka ta tanadar wa ƙananan yara.

Na biyar shi ne kuɗi da nisa. Sanarwa cikin wa'adi kyauta ce, amma hukuncin kotu yana tafe da kuɗin mota na uba da shaidu, da kuɗin tambari, da kwanakin aiki da aka rasa. Ga magidancin da ya bar gonarsa da dabbobinsa a wancan gefe, jika biyu ko uku kuɗin hatsin kwanaki ne.

Alkawuran da ƙasar ta ɗauka

Masu fafutuka suna jingina hujjarsu ne da yarjejeniyoyin da Nijar ta rattaba wa hannu. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda ƙasar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 7 a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, a sashe na 28 kuma ta tabbatar da haƙƙin ilimi. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ta ƙara a sashe na 6 cewa ƙasar da aka haifi yaro a cikinta ta ba shi ƙasarta idan babu wata ƙasa da ta ɗauke shi nata. A kan wannan sashe ne kwamitin ƙwararru na Tarayyar Afirka ya yanke hukunci a 2011 a shari'ar yaran ƙabilar Nubi na Kenya.

Yarjejeniyar Janeba ta 1951 kan ƴan gudun hijira ta ce a sashe na 22 a ba yaransu ilimin firamare daidai da ƴan ƙasa. Sashe na 25 yana da muhimmanci na musamman ga yaran da aka haifa a wancan gefe: ya ɗora wa ƙasar da ta karɓi ɗan gudun hijira nauyin samar masa takardun da a da hukumomin ƙasarsa ne ke bayarwa.

Nijar ta shiga yarjejeniyar 1961 ta rage yawan marasa ƙasa a 1985, ta shiga ta 1954 kan matsayinsu a watan Nuwamba 2014. A watan ne kuma HCR ta ƙaddamar da gangamin shekara goma na kawo ƙarshen rashin ƙasa. Ranar 25 ga Fabrairu 2015 ƙasashen CEDEAO suka amince da sanarwar Abijan, sannan da shirin aiki na Banjul a 2017, Nijar kuma ta ɗauki nata shirin na ƙasa a 2019. A watan Fabrairu 2024 Tarayyar Afirka ta amince da ƙarin yarjejeniya kan haƙƙin samun ƙasa.

Masu fafutuka da abin da suke nema

A yankin Maraɗi fafutukar ba ta ɗaukar siffar zanga-zanga. Tana gudana ne a tarukan hukuma, da shirye-shiryen rediyon karkara, da huɗubar Juma'a, da zaman kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyayen ɗalibai. HCR da UNICEF su ne manyan masu tallafawa daga waje, tare da ƙungiyoyin da ke aiki da su a ƙasa. Masu garuruwa da sarakuna suna da rawa babba, domin su ne suka san wanda aka haifa a gidan wa, su ne kuma shaidun da alƙali ya fi yarda da su. Ranakun 16 ga Yuni ta yaron Afirka, da 20 ga Yuni ta ƴan gudun hijira, da 10 ga Agusta ta rajistar jama'a a Afirka, su ne lokutan da ake fi jin muryar masu wannan kira.

Makamin da aka fi sani shi ne zaman kotu na tafi-da-gidanka, wanda ake kira «audiences foraines». Alƙali da magatakarda da jami'in rajista sukan sauka a gari ko a makaranta, su saurari shaidu, su yanke hukunce-hukunce masu yawa a kwana ɗaya ko biyu, ba tare da iyaye sun biya ba. Amfaninsa a bayyane yake. Rauninsa shi ne ya dogara da kuɗin masu tallafi, ana yin sa idan an samu, kuma wani lokaci hukuncin yakan fito amma shigar da shi littafin rajista da miƙa takardar ga mai ita ya ɗauki watanni.

Buƙatun da ke yawan fitowa su ne waɗannan. A mayar da zaman kotun tafi-da-gidanka abin da ake yi kowace shekara da kuɗin ƙasa, kafin lokacin rajistar jarrabawa. A riƙa ƙidaya yaran da ba su da takarda tun daga ajin CI, kada a jira CM2. A bar ɗalibin da fayil ɗinsa ke gaban kotu ya zauna jarrabawa kafin hukunci ya fito. A fayyace a rubuce takardar da za ta tsaya a madadin ta haihuwa ga ɗan gudun hijirar da aka haifa a waje. A samar da hanyar aiki tsakanin hukumomin rajista na ƙasashen biyu. A ƙara wa dokar zama ɗan ƙasa sashen da zai kare yaron da aka haifa a Nijar wanda babu wata ƙasa da ta ɗauke shi nata, a kuma kafa tsarin tantance marasa ƙasa, kamar yadda Kwaddibuwa ta yi a watan Satumba 2020, ta zama ta farko a Afirka.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Akwai masu ganin a yi taka-tsantsan, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko tsaro ce: a yankin da ƴan bindiga ke tsallaka iyaka suna satar shanu da mutane, sauƙaƙa samun takarda na iya ba miyagu mafaka. Ta biyu siyasa ce: a lokutan zaɓe an sha zargin cewa ana amfani da zaman kotun tafi-da-gidanka don cusa sunaye a rajistar masu zaɓe. Ta uku ƙarancin kayan aiki ce: azuzuwan zana sun riga sun cika, malamai ba su isa ba, ɗan gari ma bai samu ba.

Amsar masu fafutuka ita ce takardar haihuwa ba ta ba da ƙasa ko ƙuri'a, kuma hukuma ta fi iya sa ido a kan wanda ta rubuta sunansa fiye da wanda ba ta san da shi ba. Suna ƙara da cewa tun da mafi yawan masu cin moriyar zaman kotun ƴan gari ne, ware baƙi ba zai rage wa kowa cunkoso ba.

Yadda batun yake a wasu ƙasashe

A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 1982, a shari'ar Plyler da Doe, cewa jiha ba ta da ikon hana yaro makarantar gwamnati saboda ba shi da izinin zama. Ƙudurin DREAM, wanda zai ba matasan da aka shigo da su tun suna yara hanyar samun zama na dindindin, an fara gabatar da shi a majalisa a 2001 kuma bai zama doka ba. Ranar 15 ga Yuni 2012 gwamnatin Barack Obama ta ƙirƙiro shirin DACA, wanda ke ɗage kora ya kuma ba da izinin aiki na shekara biyu da ake sabuntawa, ba tare da ya mayar da kowa ɗan ƙasa ba. A Faransa ba a neman takardar zama daga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma makaranta wajibi ce ga kowane yaro. Matsalar tana tasowa ne ranar da ɗalibi ya cika 18, abin da ya sa malamai da iyaye suka kafa ƙungiyar RESF a 2004.

A waɗannan ƙasashe biyu ɗalibin yana da takardar haihuwa, izinin zama ne ya rasa. A Gidan Sori sau da yawa akasin haka ne: izinin zama yana nan, ko ta hanyar gudun hijira ko ta asalin iyaye, shaidar haihuwar ce babu. Shi ya sa gyaran da ake nema a nan ya fi karkata ga kotu da ma'aikatar magajin gari fiye da ofishin shige da fice.

Sauye-sauyen 2023 zuwa 2025

Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka da Najeriya, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris 2024. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su, su ne yanzu ke sa hannu a madadin magadan gari. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ɓangarorin biyu sun sanar da cewa zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba za ta ci gaba, amma tana buƙatar fasfo ko katin shaida. A watan Janairu 2025 kuma an fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi, wadda ta wajabta riƙe takardar tafiya ko ta zama, ta kuma tanadi kora ga wanda ba shi da ita. Ga ɗalibin da ke dab da cika shekara 18 ba tare da takardar haihuwa ba, wannan yana nufin ba shi da abin da zai nemi katin shaida da shi a kowace daga cikin ƙasashen biyu. A Najeriya ma lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta zama sharaɗin rajistar jarrabawar shiga jami'a tun 2021.

Matakan da iyaye ke bi

Idan an haifi yaro a Nijar, ko iyayensa baƙi ne, a sanar a asibiti ko wurin mai riƙe da littafin sanarwa na gari kafin kwana 60, sannan a bi sawu har takardar ta fito daga ma'aikatar magajin gari. Katin awo ko na rigakafi ba takardar haihuwa ba ne, amma a adana shi, yana taimakawa a gaban alƙali.

Idan wa'adi ya wuce, a nemi hukuncin kotun gundumar da aka haifi yaron, tare da shaidun da suka san haihuwar, ko a ba daraktan makaranta sunan yaron don zaman kotun tafi-da-gidanka na gaba.

Idan a Najeriya aka haife shi kuma iyayen ƴan gudun hijira ne, a tabbatar sunansa yana cikin takardar shaidar iyali, a kai batun ga jami'an DGECM-R ko na HCR tun kafin shekarar jarrabawa.

A kowane hali, kafin a sa hannu a kan kowace takarda, a sa wanda ya iya karatu ya gwada rubutun suna da ranar haihuwa da abin da ke littafin makaranta.